Ruwan Gishiri Ga Ƙwai Goma Sha Biyu

Litinin, 13 ga Oktoba 1975, bayan la'asar

Littafin lissafi ne wannan, na yage shafukan farko. Ƙawata Monica ta ce duk jarumar littafin soyayya tana da littafin da take gaya wa sirrinta. Ni ba ni da sirri tukuna, amma bari in shirya. Rifkatu Bitrus, aji huɗu, Runjin Sambo, Sakkwato.

Baba ya ce daga gobe in an tashi makaranta in biyo ta asibiti in taya shi wanke kwalabe. Shekara goma sha ɗaya yana aiki a ɗakin gwaji, bai taɓa cewa in taya shi komai ba. Mama tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.

Rediyo ta sake karanta sunayen ma'aikatan da gwamnatin soja ta sallama. Ɓarayi da malalata da tsofaffi da marasa lafiya, duk kwando ɗaya aka zuba su. Wanda aka kira, mako guda ake ba shi ya bar gidan gwamnati. Mu kuwa in mun bar nan sai ƙauyen su Baba wajen Zuru, makaranta kuma shi ke nan.

Ba a kira sunan Baba ba.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe biyar

Na zaci zan ga wuri mai walƙiya. Ɗaki ɗaya ne a bayan asibiti, yana warin kananzir da sifirit. Akwai madubin likita biyu, da wani akwatin katako mai fitila a ƙasa da ke ɗumama ƙwai. Ƙwai ashirin da huɗu, layi biyu. Kowanne an huda masa 'yar taga a ɓawo an rufe da gilashi da kakin zuma. Baba ya ce in leƙa. Wani jan abu ne kamar ƙwayar gero, yana bal, bal, bal. Zuciyar ɗan tsako ke nan. Na manta ban yi numfashi ba.

Mai ɗakin shi ne Dakta Junaidu. A littafin da Monica ta ara mini likitan dogo ne, idonsa da sanyi, ba ya dariya sai a babi na tara. Dakta Junaidu gajere ne, yana cin goro, kuma takalminsa ɗaya ya buɗe baki. Ya ce, "Ɗiyarka ce, Malam Bitrus? To, ta yi hankali da kwalabe na." Na durƙusa na gaishe shi. Ƙarfe biyu ya wuce duba marasa lafiya, ba ya dawowa sai huɗu.

Baba ya yi mini bayani. A cikin lakar bayan mutum akwai ƙwayoyin jijiya masu aika wa tsoka umarni. Akwai cutar da ke kashe su ɗaya bayan ɗaya, tsoka ta jira saƙo shiru, ta bushe. Ita ce ta kwantar da Malam Mode baduku a ɗakin maza, mutumin da ya shekara talatin yana ɗinka fata, yanzu basilla ta fi ƙarfinsa. A cikin ƙwai kuma, kusan rabin irin waɗannan ƙwayoyi suna mutuwa da kansu kafin kwana goma. Dakta yana tace wani ruwa daga tsokar kaza, yana so ya ga ko zai hana su mutuwa. In ya hana a ƙwai, wata rana wataƙila.

Nan Baba ya tsaya. "Wataƙila" kawai ya ce.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe biyar

Ban wanke kwalba ko ɗaya ba.

Da Dakta ya fita, Baba ya sa sakata. Ya ɗauko sirinji ƙarami, ya riƙe shi, ya ajiye. Ya sake ɗauka, ya ajiye. Sai ya ce, "Uwata, ke da kike ɗinkin hula, zo in ga hannunki." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa na ci.

Ɗigo uku ta tagar kowane ƙwai, kwana biyar a jere. Layin dama ruwan tsoka, layin hagu ruwan gishiri kawai. Ni ke ɗigawa, shi yana tsaye yana ƙirga mini. Ya ce hannuna ya fi na Dakta natsuwa. Ya kuma ce ba sai kowa ya ji ba.

Ban tambayi dalili ba. Tun damina Mama ke saka masa maɓallin riga.

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe biyar da rabi

Jiya na ga Baba yana zubar da ragowar ruwan tsokar a magudana, wai ba ya kwana. Abin ya tsaya mini a rai har cikin darasin tarihi. Sha biyu ana ba su magani, sha biyu ana ba su gishiri, alhali zuciyarsu iri ɗaya take bugawa. A gidanmu ko yaron maƙwabta ya shigo ana cin abinci, Mama ba ta bari ya tsaya yana kallo.

Yau da Baba ya tafi sito karɓo kananzir, na ɗiga wa 'yan layin hagu ragowar. Ɗigo uku uku. Ba wanda ya yi asara, tunda zubarwa za a yi.

Na samu sirri. Na dawo gida ina jin kaina kamar wadda aka yi wa hoton bangon littafi.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan magariba

Maƙwabcinmu Alhaji Ƙasimu mai yadi ya yi sallama. Shekara tara shi da Baba suna cin tuwon dare a tabarma ɗaya a ƙofar gidansa, ko da azumi Baba yana jiransa ya sha ruwa. Wata biyu ke nan Baba bai fita ba. A ɗaki yake ci, ƙofa a rufe.

Ina bayan labule na ji Alhaji yana cewa, "Malam Bitrus, mi munka yi maka? In miyar gidana ta ɓaci ka faɗi, in kuwa ni ne na ɓaci ka faɗi."

Baba ya ce aiki ne ya yi yawa.

"Aiki shina hana ka lomar tuwo? Ni da nake auna yadi tun safe ban ƙoshi da yadi ba."

Baba ya yi dariya. Hannunsa na dama yana cikin aljihu. Da Alhaji ya miƙa nasa su yi sallama, Baba ya kama shi da hannu biyu, na hagu a sama, kamar girmamawa. Alhaji ya tafi yana jan carbi da ƙarfi.

Lahadi, 19 ga Oktoba, azahar

Daga coci muka wuce asibiti, ɗigon ƙarshe. Kullum Baba yana fita ya duba wani abu, kullum ina ba 'yan hagu rabonsu. Gobe Dakta zai fasa su duka ya ciro lakar. Ban san haka za a yi ba sai yau. Na yi kuka a bayan gida, na ce hayaƙin fitila ne.

Laraba, 22 ga Oktoba, yamma

Littafin Monica ba shi da bango, ashe ba shi da ƙarshe ma. An yage shafi takwas na baya. Likitan yana tsaye a tashar jirgi, ita tana gudu, sai takarda ta ƙare. Monica ta ce ai kowa ya san za su yi aure. Ni ban san haka ba.

Ba a kira sunan Baba ba.

Asabar, 25 ga Oktoba, hantsi

Yanzu kam kwalabe nake wankewa da gaske. An daskarar da lakar cikin kaki, ana yanka ta siriri da wani inji mai hannu kamar na keken ɗinki. Baba da hagu yake juya shi. Ana rina yankan da shuɗi a ɗora a gilashi, sannan a sa ido a madubi a ƙirga ƙwayoyin ɗaya ɗaya. Ya nuna mini. Kamar taurari masu ƙafafu. Ya ce kowace ɗaya, in ta mutu, ba ta da magaji.

Yana kallon madubi, ni ina kallon wurin nan tsakanin babban yatsansa da manuni. Ya loɓa. Wani abu yana motsi ƙarƙashin fatar kamar mai neman hanyar fita. Ba zan sake rubuta wannan ba.

Talata, 28 ga Oktoba

Baba yana waƙa da safe. Ya ce gilasan farko sun cika da ƙwayoyi.

Alhamis, 30 ga Oktoba

An kira Malam Ayuba na ofishin ruwa, wanda ke jagorar mawaƙan cocinmu. Ciwon ido gare shi. Ba a kira sunan Baba ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan magariba

An gama ƙirga.

Baba ya dawo yana tura keke, bai hau ba. Ya zauna a turmi da rigar aiki. Mama ta ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Babu bambanci."

Na tambayi me ake nufi. Ya amsa a hankali kamar yana koya wa ɗan aji ɗaya. "Na dama sun rayu da yawa. Na hagu ma sun rayu da yawa, daidai wa daida. Dakta ya ce to ba ruwan tsokar ba ne, ƙwan wannan karon ne masu ƙarfi. Na hagun nan, Uwata, su ne mudu. Da su ake auna na dama. In mudu da abin aunawa sun zo ɗaya, maganin bai yi komai ba."

Dakta zai bar wannan aikin. Laraba ta sama zai tafi taron likitoci a Ibadan ya gaya musu hanyar ba ta ɓulle ba.

Na ce zan ɗauko ruwa. Na tsaya gaban randa ban san iya lokacin ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Ba komai yau.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, yamma

An aiko wa kowane shugaban sashe takarda ya cika a kan ma'aikatansa. Akwai layin da aka ce: shin yana da lafiyar yin aikinsa? Na gan ta a teburin Dakta, an danne ta da kwanon goro. Kafin ya yi tafiya zai sa hannu.

In na yi magana, za a tambayi wa ya ba yarinya sirinji. In an tambayi wannan, za a tambayi dalili.

In na yi shiru ba wanda zai taɓa sani. Na iya shiru. Malamai ma sun shaida.

Asabar, 8 ga Nuwamba, hantsi

Baba ya aike ni ɗakin maza da takarda. Malam Mode yana jingine da matashi, matarsa tana ba shi kunu da cokali, rabi yana dawowa. Ya dube ni ya ce wani abu da ban gane ba. Matar ta ce, "Wai yana tambaya, 'yan tsakin Likita sun yi magana?"

Na ce ban sani ba.

Ba komai yau ma.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, la'asar

Na faɗa.

A hanyar dawowa daga coci ne, wajen masu sayar da rake. Mama ta yi gaba da matan zumunta. Baba yana tura keke, ni ina riƙe da littafin waƙoƙinsa. Na ce, "Baba, na hagun nan sun sha maganin." Ya ci gaba da tafiya taku uku kafin ya tsaya.

"Guda nawa?"

"Duka."

"Sau nawa?"

"Tun ranar Alhamis. Ragowar da kake zubarwa."

Na jira mari, ko da yake bai taɓa marina ba. Ya daɗe yana kallon ƙararrawar keke. Sai ya ce, "Tausayinsu kika ji."

Na ce e.

"Laifina ne. Na koya miki ɗigawa, ban koya miki dalili ba." Can kuma ya ce, kamar da kansa yake, "Ke nan duk ashirin da huɗun sun sha, duk kuma sun rayu da yawa." Idonsa ya yi wani haske, ya yi sauri ya kashe shi. "Wannan ba hujja ba ce. Amma ba ƙarshe ba ne."

A gida Mama ba ta yi mini faɗa ba, da Baba ta yi. Ba ta ɗaga murya ba, tana tsintar shinkafa tana magana.

"Ka bari Dakta ya sa hannu ya tafi ya dawo. Mako guda ne."

"Zai tsaya gaban mutane ya ce ƙofa a rufe take, Saratu, kowa ya juya baya. Malam Mode yana da 'ya'ya biyar."

"Kai ma kana da 'ya."

"Kuma in ya sa hannu ya ce ina da lafiya, gobe aka gane, sunansa za a karanta. Mutumin da bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"To ka yi masa rabin gaskiya. Ka ce yarinya ce ta yi ɓarna kana waje."

"Sai ya ce wa ya koya mata buɗe tagar ƙwai?"

Mama ta tsinci tsakuwa ɗaya ta jefar. Ta ce, "Ni dai na san nauyin akwatunanmu."

Litinin, 10 ga Nuwamba, bayan magariba

Zan rubuta komai yadda ya faru don kada in gyara shi a kaina daga baya.

Ƙarfe huɗu Dakta ya shigo. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, Rifkatu tana da magana." Na faɗa ina kallon takalminsa mai buɗaɗɗen baki. Muryata ta fito kamar ta sauro, sau biyu yana cewa in ɗaga.

Ya tofar da goro a kwando. Ban taɓa ganin ya yi haka ba.

"Mako shida! Mako shida na aiki, ɗiyag ga ta yi mini sadaka da shi! Malam Bitrus, nan gidan marayu ne? Wa ya ba ta sirinji?"

"Ni."

"Don mi?"

Baba ya ciro hannunsa daga aljihu da taimakon ɗaya hannun, ya shimfiɗa shi a tebur kusa da takardar nan.

Ana jin fitilar akwati tana huci.

Dakta ya jawo kujera ya zauna. Ya juya hannun, ya danna wurin da ya loɓa. Ya ce Baba ya matse masa yatsa. Ya ce ya sake. Ya ɗauko 'yar gudumarsa ta roba ya buga nan da can. Ya ce ya fiddo harshe. Baba yana yin komai tun kafin a gama faɗa, don shi ne ke riƙe wa Dakta fitila in ana yi wa wasu.

"Tun yaushe?"

"Kafin ruwan farko."

"Muna ɗaki guda, ina neman abin ga cikin ƙwai, shina nan gefena." Ya cire gilashinsa ya goge da rigarsa, ya daɗe yana gogewa. Bai faɗi sunan abin ba, Baba ma bai faɗa ba.

Baba ya nuna takardar da haɓa. "Wannan fa?"

"Gaskiya zan rubuta."

"Ita nake so."

Da za mu fita Dakta ya ce, "Ke." Na tsaya. "Hannunki bai fasa ko gwaiduwa ɗaya ba cikin ashirin da huɗu. Kanki ne ke son gyara."

A littafi, nan ne jaruma take suma. Ni fitsari nake ji.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Dakta ya tafi. Kafin ya tafi ya nuna wa Baba abin da ya rubuta: hannun dama ya raunana, ba zai warke ba. Aikinsa yanzu ƙirga ne, kuma duk jihar nan babu idon da ya kai nasa. Ya roƙa a bar shi. Sauran yana hannun mutanen ma'aikata.

Mama ta sauko da akwatuna daga kan kabad, wai shanya su za ta yi.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Akwatuna suna nan a tsakar gida. Ba wanda ya mayar, ba wanda ya zuba komai.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, bayan magariba

An ce yau za a karanta na ma'aikatar lafiya.

Ana idar da salla Baba ya ce in ɗauko rediyo da kwanon tuwonsa in biyo shi. Na zaci ban ji daidai ba. Muka fita ƙofar gidan Alhaji Ƙasimu. Alhaji ya matsa masa a tabarma, fuskarsa a ɗaure.

Baba ya zauna ya ce, "Alhaji, ba miyarka ba ce." Ya ɗora hannun a gwiwa inda fitila ke haskawa. "Ba ya yanka loma. Na ji kunyar sa hagu a akushinka."

Alhaji ya kalli hannun, ya kalli Baba. Ya ce, "Wata uku ina binciken kaina, har matata Dije na sa ta canza daddawa." Ya tura akushin gabansa. "Hannun da Allah Ya bar maka, da shi za ka ci. Bisimilla. Amma kar ka ce don hagu ce za ka riƙa yanka babba."

Baba ya yi dariya har ya ƙware.

Ina tsugune a bakin zaure aka fara sunaye. Talatin da ɗaya na ƙirga. Akwai mai gadin ƙofar asibiti, akwai wata ungozoma da ta karɓi haihuwata. Mai karatu ya ce ƙarshen sanarwa ke nan, aka sa kiɗan goge.

Ba a kira sunan Baba ba.

Alhaji ya ce alhamdu lillahi. Baba ya ce amin, ya ci gaba da ci. Miya tana bin gwiwar hannunsa, bai iya ba tukuna. Da na koma gida na tarar Mama ta riga ta mayar da akwatuna, ita kaɗai, har babban.

Talata, 2 ga Disamba, ƙarfe biyar

Malam Mode ya rasu ranar Lahadi. Baba da Dakta sun je gidansa a Ƙofar Taramniya gaisuwa.

An zuba sababbin ƙwai ashirin da huɗu. Yanzu ba a sa sakata. Dakta ya ce in Allah Ya so amsar za ta fito kafin Kirsimeti, kuma ko ta yi kyau, daga ƙwai zuwa mutum tafiyar shekaru ce. A gaban Baba ya faɗa. Baba ya ce ya sani, shi dai a ba shi gilasai ya ƙirga.

Na mayar wa Monica littafinta. Ta ce in ƙago masa ƙarshe da kaina, na ce a'a.

Yau ɗigon farko. Na gama layin dama, ragowar ruwan tsoka ta kai rabin kwalba. Baba ya ce zai je sito, ya fita, ya bar ni ni kaɗai da gangan, na sani. Na kai kwalbar magudana na zubar, na ɗauraye. Sannan na ɗauko ruwan gishiri na zo kan 'yan hagu. Na leƙa tagar na farko, zuciyarsa tana bal, bal, bal.

Na ce masa ya yi haƙuri. Ɗigo uku.